Yadda Ɗan Takarar Shugaban Ƙasa Ke Samun Goyon Baya a Zaɓen Fitar da Gwani: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da manyan jam'iyyun Najeriya suka tsayar da 'yan takararsu na shugaban ƙasa, sai ka ji mutane a majalisa da wajen mai shayi suna mamakin yadda aka yi wane ya ci, alhali ba shi jama'a ke yi ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin, da amsoshinsu. Mafi yawan misalan daga zaɓukan fitar da gwani na 2014 da 2018 da 2022 suke, kuma tsarin da aka bayyana a nan shi ne wanda aka yi aiki da shi a waɗannan shekarun.

Wai su wa ke zaɓen ɗan takarar da jam'iyya za ta tsayar?

Ya danganta da hanyar da jam'iyyar ta bi. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓukan wannan shekarar a ƙarƙashinta, ta ba jam'iyyu hanya uku. Akwai 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya zai fito ya zaɓa a mazaɓarsa. Akwai zaɓen wakilai, wato daliget, inda 'yan tsiraru ke taruwa wuri guda su yi zaɓen a madadin kowa. Sai kuma maslaha, inda masu neman tikitin ke amincewa a rubuce su bar wa mutum ɗaya.

APC da PDP duk hanyar daliget suka bi a 2022. APC ta ɗauki mutum uku daga kowace ƙaramar hukuma cikin 774, wato 2,322. PDP kuwa mutum ɗaya ta ɗauka daga kowace ƙaramar hukuma, da ɗan ƙari na masu buƙata ta musamman, gaba ɗaya ba su wuce 800 da 'yan kai ba. A ƙasar da ke da masu rajistar zaɓe sama da miliyan 93, mutum kusan dubu uku ne suka tsayar da manyan 'yan takara biyu.

Abin da ya sa adadin ya yi ƙanƙanta a wannan shekarar wani kuskure ne na majalisa. Sashe na 84 na dokar ya ce zaɓaɓɓun wakilai ne kaɗai za su kaɗa ƙuri'a, sai ya zama shugaban ƙasa da gwamnoni da 'yan majalisa da tsofaffin masu muƙami, waɗanda a da suke zama daliget kai tsaye, an bar su a waje. Majalisa ta yi gyara cikin gaggawa a watan Mayu, marigayi Muhammadu Buhari bai sa hannu ba, aka tafi a haka.

Ta yaya mutum ke zama daliget?

A takarda, 'yan jam'iyya ne ke zaɓensa a taron mazaɓa ko na ƙaramar hukuma. A aikace, sau da yawa jerin sunaye ne ake rubutawa a gidan gwamnati, ko a falon jagoran jam'iyya idan jihar ba ta hannunsu, a kai wa kwamitin da uwar jam'iyya ta turo ya sa hannu. Wanda ake sakawa shi ne wanda aka tabbata ba zai ba da kunya ba: tsohon kansila, shugaban jam'iyya na mazaɓa, shugabar mata, wani lokaci ma direban mai gida ko ƙanin matarsa.

Wannan ne ya sa rigimar shugabancin jam'iyya a jiha ke zafi tun ana saura shekara ɗaya zaɓe. Mai kallo daga nesa zai ga kamar a kan kujerar da ba albashi ake dambe. Ba haka ba ne. Wanda ya riƙe shugabannin jam'iyya daga mazaɓa zuwa jiha shi zai rubuta sunayen daliget, wanda ya rubuta sunayen kuma shi masu neman shugabancin ƙasa za su zo su durƙusa wa.

Ke nan gwamna ne ke yanke wa daliget hukunci?

A mafi yawan jihohi, e. Gwamna ne ya sa sunansa, shi ya ba da motar da ta kawo shi Abuja, shi ya kama otal ɗin da aka sauke su. Akan tara wakilan jiha a masauki ɗaya, da mutanen gwamna a bakin ƙofa, ba kowa ke shiga ya gan su ba. Daren zaɓe ko da safe sai a tara su a faɗa musu inda aka dosa. A filin taro ma jiha-jiha ake kiran su, su tashi a jere, shugabanninsu na gaba.

Dubi Rabi'u Musa Kwankwaso. A Disambar 2014, yana gwamnan Kano, ya zo na biyu a zaɓen APC a Legas da ƙuri'a 974, ya wuce Atiku Abubakar mai 954. A Oktoban 2018, a zaɓen PDP a Fatakwal, lokacin ba shi da kujerar gwamna, 158 ya samu, ya zo na huɗu. Jar hula ba ta ragu a titunan Kano tsakanin shekarun nan ba. Abin da ya ragu shi ne adadin wakilan da yake iya kira da suna. Aminu Waziri Tambuwal, wanda yake gwamnan Sakkwato a lokacin kuma Nyesom Wike na Ribas ke mara masa baya, 693 ya samu a wannan zaɓen, bayan Atiku mai 1,532.

Lissafin ƙananan hukumomi ma yana ƙara wa wasu gwamnoni nauyi. Kano na da 44, Katsina 34, Legas 20, Bayelsa 8. Da tsarin mutum uku-uku, Kano ita kaɗai ta tashi da wakilai 132, Bayelsa 24. Jihohi bakwai na Arewa maso Yamma suna da ƙananan hukumomi 186. Duk mai neman tikiti ya san wannan lissafin kamar yunwar cikinsa, shi ya sa za ka ga jiragensu na sauka Kano da Katsina da Kaduna babu ƙaƙƙautawa a makonnin ƙarshe, a je gaisuwa fadar sarki, daga nan a wuce gidan gwamnati inda ainihin maganar take.

Gaskiya ne da dala ake sayen ƙuri'ar daliget?

Ba wanda ke ba da rasit, kuma duk 'yan takara suna musantawa. Amma abin ya wuce a kira shi jita-jita. A 2022 jami'an EFCC sun bayyana a filin taron PDP a Abuja. Mohammed Hayatu-Deen ya janye daga takarar yana kukan cewa kuɗi sun mamaye zaɓen. Bayan an watse, wani daliget daga kudancin Kaduna ya fito fili ya raba miliyoyin nairori ga marayu da marasa galihu na yankinsa, ya ce abin da ya samo ne a taron. A zaɓen gwamna na PDP a Kaduna kuwa, Sanata Shehu Sani ya ce ba zai ba daliget ko sisi ba. Ƙuri'a biyu ya samu.

Dalilin dala ba wani abin ɓoye ba ne: abin da zai cika buhu in naira ne, ambulan ɗaya zai ɗauke shi.

Tun kafin a zo kan daliget ma kuɗi sun tace masu takara. Fom ɗin APC naira miliyan 27.5 ne a 2014, ya zama miliyan 45 a 2018, ya kai miliyan 100 a 2022. Na PDP a 2022 miliyan 40 ne. Sai hayar jirgi a zaga jihohi 36, sai abin gaisuwa a kowace jiha. Malamin jami'a ko likita mai kyakkyawan tsari a ka, in ba shi da masu zuba masa, a nan tafiyarsa ke tsayawa.

Ina ganin ana yi wa daliget rashin adalci idan aka ɗora masa laifin shi kaɗai. Mutum ne da ya yi shekara huɗu yana yi wa jam'iyya dakon kujeru da liƙa fosta, ba a taɓa kiran sa ba sai ranar. Ya san daga gobe wanda ya zaɓa ba zai ƙara ɗaukar wayarsa ba. A wurinsa wannan ce kakarsa, kuma a gida ana jiran sa da kuɗin makaranta da na magani. Wannan bai halatta abin ba, amma ya nuna cewa wa'azi kaɗai ba zai kashe shi ba.

In ya karɓi na mutum uku, wa zai zaɓa?

A nan ne masu cewa kuɗi ne komai suke kuskure. Daliget yakan karɓa daga duk wanda ya miƙo, ƙuri'arsa kuma ɗaya ce. Tunda kowa ya bayar, kuɗin sun zama kamar kuɗin gaisuwar iyaye: wanda bai kai ba an cire shi daga lissafi, amma kaiwar ba ta sa a ba ka yarinya.

Abin da ke raba gardama shi ne umarnin ubangida, da tsohuwar alaƙa, da kuma hasashen wanda zai ci. Daliget ba ya son ya koma gida a ce yana cikin waɗanda suka bi wanda ya faɗi, domin a can ne ake rabon muƙaman hadimai da 'yan kwangiloli. Da zarar iska ta nuna inda ta dosa, sai ka ga masu shakka sun tuɗaɗa can. Shi ya sa tazarar ke fin yadda aka zata. A Yunin 2022 an shiga dandalin Eagle Square ana cewa za a yi kankankan, aka tashi Bola Tinubu na da 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235, Ahmad Lawan 152.

Tsohuwar alaƙa kuwa ba a sayen ta a dare ɗaya. Atiku ya gaji tsarin siyasar marigayi Shehu Musa 'Yar'aduwa tun farkon shekarun 1990, kusan babu jihar da ba shi da mutanen da suka yi shekara talatin tare da shi. Tinubu ya yi shekaru yana ɗaukar nauyin takarar wasu, ciki har da 'yan Arewa. A Abeokuta, kwanaki kaɗan kafin zaɓen, ya fito ya lissafa waɗanda ya taimaka wa suka hau mulki, ya ce yanzu lokacinsa ne. Mutane da yawa sun ga kamar ya kashe kansa da wannan jawabin. Gwamnonin da ake bi bashin kuwa sun gane da su ake.

To farin jini a wurin talakawa ba shi da wani amfani ke nan?

Yana da shi, sai dai ta bayan gida yake shigowa. Daliget da gwamnansa suna da zaɓen kansu a gaba. Gwamna na son ya zarce ko ya tafi majalisar dattawa, ɗan majalisa na son ya koma. Idan akwai ɗan takarar da hotonsa a fosta zai kwaso musu ƙuri'a, ko kuma wanda ƙin sa zai sa a jefe su a garinsu, dole su yi lissafi da shi.

Buhari a 2014 shi ne babban misali. Ya ce da bashin banki ya sayi fom, kuma kafin zaɓen ya gaya wa wakilai ƙarara cewa ba shi da dalar da zai raba musu. Duk da haka ya samu 3,430 a filin wasa na Teslim Balogun, fiye da jimillar ta sauran huɗun. Kowa a wurin ya san ya samu ƙuri'a sama da miliyan 12 a 2003, ya sake samun sama da miliyan 12 a 2011 da jam'iyyar CPC da ba ta da gwamna ko ɗaya lokacin da aka shiga zaɓen. Duk ɗan siyasar Arewa da ke wurin ya san darajar kalmar "sak" a akwatin mazaɓarsa.

Amma kada a mayar da labarin tatsuniya. Buhari bai ci don talakawa kaɗai ba. Tinubu ya kawo masa wakilan Kudu maso Yamma, gwamnoni irin su Amaechi suka tsaya masa da ƙarfinsu da aljihunsu. Farin jinin ne ya sa manyan suka zaɓe shi, manyan kuma suka kawo daliget.

Me ya sa wasu ke kashe miliyoyi su sayi fom, sannan su janye a daren zaɓe?

Wasunsu tun farko ba shugabancin ƙasa suke nema ba, kujerar ciniki suke nema. Mai wakilai hamsin ba zai ci ba, amma hamsin ɗin nan na iya zama minista ko shugabancin majalisa. A taron APC na 2022 mutum bakwai suka hau mumbari ɗaya bayan ɗaya suka ce sun janye wa Tinubu, cikinsu har da Godswill Akpabio da Kayode Fayemi da Ibikunle Amosun da Badaru Abubakar na Jigawa. Akpabio ya zama shugaban majalisar dattawa a 2023, Badaru ya zama ministan tsaro.

Janyewar da ta fi girgiza fili ita ce ta Tambuwal a ranar 28 ga Mayun 2022. Ya riga ya yi jawabinsa ya sauka, sai ya sake neman a ba shi makirufo, ya ce ya janye, magoya bayansa su zaɓi Atiku. Atiku ya tashi da 371, Wike 237, Bukola Saraki 70. Tazarar 134 ce, kuma Wike bai taɓa yafewa ba, musamman da yake shi ne ya tsaya wa Tambuwal a Fatakwal shekara huɗu kafin nan.

Abin ba sabo ba ne. A taron SDP na Jos a Maris ɗin 1993, Atikun ne ya janye wa Moshood Abiola bayan zagayen farko, aka kayar da Babagana Kingibe.

Amfanin janyewa a bainar jama'a ya wuce ƙuri'un da aka miƙa. Saƙo ne ga sauran wakilan da ke zaune cewa an gama magana a sama.

Yanki da addini fa?

Suna nan a gindin komai, ko da ba a ambace su a mumbari ba. Tsarin karɓa-karɓa tsakanin Arewa da Kudu ba ya cikin kundin tsarin mulkin ƙasa, fahimta ce ta 'yan siyasa, shi ya sa kowa ke fassara shi yadda ya dace da shi. A 1999 manyan 'yan takara biyu, Olusegun Obasanjo da Olu Falae, duk Yarabawa ne, don a sanyaya zuciyar yankin bayan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993. A 2022 PDP ta buɗe takara ga kowane yanki, gwamnonin APC na Arewa kuwa suka fito suka ce mulki ya koma Kudu.

Amma ɗan yanki ba ya cin ƙuri'ar yankinsa don kawai nasu ne. A ƙarshen 2010 kwamitin dattawan Arewa ƙarƙashin Malam Adamu Ciroma ya tsayar da Atiku a matsayin ɗan takarar maslaha na Arewa, aka bar Ibrahim Babangida da Aliyu Gusau da Saraki. Da aka je zaɓe a Janairun 2011, Goodluck Jonathan ya samu 2,736, Atiku 805. Dattawa sun yi magana, amma wakilan na hannun gwamnoni, gwamnonin kuma akasarinsu suna tare da mai mulki.

Shugaban ƙasa mai barin gado yana iya naɗa magajinsa?

In ya tsaya da ƙafarsa, kuma gwamnoni na tsoron sa. A Disambar 2006 Obasanjo ya so Umaru Musa 'Yar'aduwa, gwamnonin PDP masu neman kujerar suka janye, har da Peter Odili da ya zaga ƙasa yana kamfe. 'Yar'aduwa, wanda bai daɗe da shiga takarar ba, ya ci da ƙuri'a sama da dubu uku.

A 2022 abin ya sha bamban. Buhari bai fito ya nuna kowa ba. Ana gab da shiga fili shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya sanar da cewa Ahmad Lawan ne ɗan takarar maslaha. Gwamnonin Arewa suka ƙi, wasu 'yan kwamitin gudanarwa suka ƙi, fadar shugaban ƙasa ta ce shugaba bai zaɓi kowa ba. Osinbajo, mataimakin shugaban ƙasa mai ci a lokacin, ya zo na uku.

Jawabai da manufofi suna sauya ra'ayin wani a filin?

Da wuya. Kowane ɗan takara 'yan mintoci ake ba shi, galibi cikin dare, wakilai sun gaji, wasu na gyangyaɗi a kan kujerun roba, wasu sun fita neman abinci. Ana yin jawabin ne don masu kallo a talabijin. Osinbajo ya yi jawabin da aka yaba a 2022, bai hana shi 235 ba. Abin da ke tayar da mai barci a wurin shi ne jin kalmar "na janye".

Da za a koma 'yar tinƙe, ba sai talaka ya samu bakin magana ba?

Wannan ce hujjar da majalisa ta kafa a 2021 lokacin da ta so ta wajabta 'yar tinƙe a kan kowace jam'iyya, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa 'yan majalisar na neman kuɓuta ne daga hannun gwamnoninsu. Buhari ya ƙi sa hannu a Disambar wannan shekarar, ya kawo dalilan tsada da tsaro da 'yancin jam'iyyu, sai da aka mayar da sauran hanyoyin ya sa hannu a Fabrairun 2022.

A ra'ayina 'yar tinƙe ta fi, domin sayen mutum miliyan ya fi sayen mutum ɗari takwas wuya. Amma tana da sharaɗi: rajistar 'yan jam'iyya ta gaskiya, wadda ba a aljihun wani take ba. A 2018 APC ta yi 'yar tinƙe, Buhari shi kaɗai ke takara, aka sanar ya samu ƙuri'a miliyan 14.8. Kano kaɗai aka ce ta ba shi miliyan 2.9. Bayan 'yan watanni, a babban zaɓen 2019 da kowa ke da damar fita, abin da ya samu a Kanon bai kai miliyan ɗaya da rabi ba. Alƙaluman da ba wanda ya ƙirga, wanda ke riƙe da biro ne ke da su.

A Legas ma a 2018 ta 'yar tinƙe aka kayar da gwamna mai ci Akinwunmi Ambode, bayan jagororin jam'iyya sun juya masa baya sun koma wa Babajide Sanwo-Olu. Sannan layin ƙato bayan ƙato yana da nasa aibin: mai gidanka da mai unguwarku suna kallon bayan wanda ka tsaya.

Akwai tsaka-tsaki. A Ghana jam'iyyar NPP ta faɗaɗa wakilanta har suka haura dubu ɗari biyu, kowa ya kaɗa ƙuri'a a mazaɓarsa, ta haka Mahamudu Bawumia ya samu tikiti a Nuwamban 2023. Can ma ana kukan kuɗi, amma ba a iya tara wannan adadin a otal ɗaya a rufe ƙofa.

A Amurka da talakawa ke zaɓa da kansu, me ke jan ra'ayinsu?

Can jiha-jiha ake yi tsawon watanni, miliyoyin mutane na fita. Ana muhawara a talabijin, ɗan takara na shiga ƙananan garuruwan Iowa da New Hampshire yana amsa tambayar mutum ɗaya-ɗaya. Manufa da halin mutum suna da tasirin da ba su da shi a Eagle Square.

Duk da haka abu biyu na nan kamar namu. Na farko, tambayar wa zai iya cin babban zaɓe. A 2008 baƙaƙen fata da yawa suna tare da Hillary Clinton, suna shakkar Turawa za su zaɓi Barack Obama, sai da ya ci Iowa, jihar da kusan duk farare ne, goyon bayansu gare shi ya ƙaru sosai. Na biyu, maganar manya. A 2020 Joe Biden ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire, ana ta yi masa jana'izar siyasa. Jim Clyburn, ɗan majalisar da ake jin maganarsa a South Carolina, ya fito ya mara masa baya, ya ci jihar da babbar tazara. Cikin kwana biyu Pete Buttigieg da Amy Klobuchar suka janye suka bi shi. Bambancin shi ne Clyburn shawara ya bayar, ba shi ya rubuta sunayen masu zaɓen ba.

Wanda ya ci daliget, shi ke nan jama'a za su bi shi?

Zaɓen 2023 ya amsa wannan. Peter Obi ya fice daga PDP ana saura kwanaki zaɓen fitar da gwani, ya koma Labour, jam'iyyar da ba ta da gwamna. Ya samu ƙuri'a miliyan 6.1, har ya ci Legas. Kwankwaso ya fice tun a Maris zuwa NNPP, ya samu kusan miliyan ɗaya da rabi, ya ci Kano. Wike da gwamnoni huɗu suka ƙi yi wa Atiku aiki. Atiku ya tashi da miliyan 6.98, Tinubu ya ci da miliyan 8.79. Mutum ukun da suka biyo bayan Tinubu duk 'yan PDP ne a farkon 2022.

Akwai kuma kotu. A Zamfara APC ta ci komai a 2019, amma a watan Mayu Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fitar da gwani ba, ta zubar da ƙuri'unta duka, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna.

Ni da ba daliget ba, akwai abin da zan iya yi?

Akwai, amma ba a makon taron Abuja ba, lokacin an riga an gama. Katin zaɓe na INEC daban, katin jam'iyya daban, kuma na biyun ne ke ba ka damar shiga taron mazaɓa. A ofishin jam'iyya na mazaɓarku ake yankar sa. Taron zaɓen shugabannin mazaɓa yakan zo watanni da yawa kafin na ƙasa, a harabar firamare ko gaban ofishin, kuma sau da yawa mutanen da ke zuwa ba su cika aji biyu ba. Idan matasan unguwa talatin masu kati suka zo tare suka tsaya sai an ƙirga, rubuta suna a falo yana ƙara wuya, kuma doka ta ce a sanar da INEC kafin taron domin ta turo masu sa ido.

Daliget ɗin ƙaramar hukumarku kuma ba baƙo ba ne. Kuna haɗuwa a masallacin Juma'a da wurin ɗaurin aure, an san gidansa. Tambayi shugaban jam'iyya na mazaɓarku sunansa, ku je ku same shi kafin ya hau mota, ku gaya masa wanda kuke so da dalilinku, in ya dawo kuma ku tambaye shi wa ya zaɓa.